Muryar da aka ɗora wa baƙar fata a finafinan barkwancin Italiya

Tun daga 2020 ake ta kai ruwa rana a Italiya a kan tsoffin finafinan barkwancinsu. Wasu na cewa a daina haska wuraren da Bature ke shafa baƙin fenti a fuska yana kwaikwayon ɗan Afirka, wasu kuma na cewa raha ce ta zamaninta, a bar ta yadda take. Wanda ya tsinci zancen a tsakiya zai ɗauka jiya aka fara.

An san farkon labarin: Italiya ta riƙe Eritiriya da Somaliya da Libiya, ta auka wa Habasha a 1935, aka buɗe dandalin shirya finafinai na Cinecittà a Rum a 1937, dokokin wariyar launin fata suka biyo baya a 1938.

Inda ba a cika waiwaya ba shi ne ɗakin ɗora murya. A shekarun 1930 aka wajabta cewa fim ɗin waje sai an ɗora masa Italiyanci kafin a haska shi. Mu da muka saba da fassarar finafinan Indiya mun san ikon mai ɗora murya: yana iya mai da dattijo abin dariya ba tare da an taɓa hotonsa ba. To a can, sai aka ƙirƙiro wa baƙar fata wata irin magana ta daban. "P" ta koma "b", "t" ta koma "d", har kalmar padrone, wato ubangida, ta zama badrone. Jimla kuma a kakkarye, kamar a ce "ni zuwa kasuwa, ni sayo nama". Haka aka yi wa baƙaƙen da ke cikin fim ɗin Amurka mai suna Gone with the Wind a fassararsa ta Italiyanci bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

Abin bai tsaya ga finafinan waje ba. Shekaru da dama, ko finafinan Italiya na gida sai an gama ɗaukar hoto ake ɗora magana. Ɗan wasa baƙi zai fito da fuskarsa da tafiyarsa, amma wani ne zai yi magana a bakinsa. Wannan ya fi fentin ci mini rai, domin fenti ana ganinsa, murya kuwa shiga kunne take yi ta zauna. Yaro ya ji a silima, ya kai makaranta, ya girma da ita.

Da 'yan Senegal da Ghana da Najeriya suka fara yawa a biranen Italiya a shekarun 1980 da 1990, sun tarar an riga an tanadar musu muryar da za a riƙa kwaikwayonsu da ita. A 2016 Fred Kuwornu, ɗan Italiya mai tushe a Ghana, ya fitar da wani fim na tarihi mai suna Blaxploitalian, inda ya bi sawun baƙaƙen 'yan wasa na shekara ɗari a finafinan ƙasar, ya zaunar da waɗanda ke raye suka ba da labarinsu da bakinsu.