Busar da Ganye da Furanni ta Hanyar Dannewa

Dannewa hanya ce ta busar da sassan tsiro a shimfiɗe. Ana sa ganye ko fure tsakanin takardu masu shan ruwa, a ɗora nauyi ko a ɗaure tamau, har ruwan jikinsa ya fice, ya bushe ba tare da ya nannaɗe ba. Masu aikin hannu suna amfani da busassun ganyen wajen ƙawata katin gaisuwa, hoton bango, alamar shafin littafi, murfin fitila da jikin kyandir. Masana tsirrai kuma da wannan hanyar suke adana samfurin duk tsiron da suka tattaro don nazari.

Asali

Furanni suna iya daɗewa ƙwarai idan sun bushe. Da aka buɗe kabarin Fir'auna Tutankhamun a Masar bayan gano shi a 1922, an tarar da sarƙoƙin furanni da ganyen zaitun waɗanda suka haura shekara 3,000. Sai dai bushewar kabarin ce ta tsare su, ba wanda ya danne su.

Dannewa da gangan don ilimi ana danganta ta da Luca Ghini, likita ɗan Italiya da ya koyar a Bolonya da Pisa, ya kafa lambun tsirrai na Pisa wajen 1544, ya rasu a 1556. Matsalarsa ta malami ce: ɗalibai suna bukatar ganin tsiron magani da idonsu, alhali cikin hunturu lambu babu komai. Nasa tarin ya salwanta, amma na ɗalibansa suna nan: na Ulisse Aldrovandi a Bolonya, da na Andrea Cesalpino, wanda aka haɗa a 1563, a birnin Fulorans. A lokacin ɗinke takardun ake yi su zama littafi. Carl Linnaeus na Suwidin, a ƙarni na 18, ya bar nasa a warwatse cikin kabad, kowane samfuri da takardarsa, domin in an samu sabon tsiro a cusa shi cikin danginsa ba sai an kwance ɗinki ba. Tsarin da ake bi ke nan har yau. An sayar da tarinsa ga James Edward Smith a 1784, yanzu yana Landan. Ma'ajiyar gidan tarihin halittu na Faris tana da samfuri kusan miliyan 8, ta lambun Kew a Ingila kuma fiye da miliyan 7.

A ƙarni na 19 abin ya shiga gidaje a Ingila da Amurka, ya zama yayi, musamman tsakanin mata. Marubuciyar waƙoƙi Emily Dickinson ta tara samfuri 424 tun tana budurwa, kundin nata yana Jami'ar Harvard. A Japan kuwa shirya dannannun furanni su ba da hoto fasaha ce mai zaman kanta, sunanta oshibana.

Abin da ke faruwa a jikin ganyen

Mafi yawan nauyin ɗanyen ganye ruwa ne. Da zarar an tsinke shi, abubuwa biyu suna fara aiki: sinadaran cikinsa da ke mayar da shi ruwan ƙasa, da fumfuna da ke jiran laima. Dukansu ba sa aiki sai da ruwa. Saboda haka gwanintar aikin gaba ɗaya tana ga saurin fitar da danshi. Nauyin da ake ɗorawa siffa kaɗai yake tsarewa. Launi kuwa saurin bushewa ne ke tsare shi. Sabon shiga yakan ƙara duwatsu a kan littafi idan ya ga ganye ya yi baƙi, alhali canjin takarda ake bukata.

Launuka ba ƙarkonsu ɗaya ba. Kore daga sinadarin kulorofil yake, kuma haske yana karya shi, shi ya sa koren ganye yakan dusashe da shekaru. Rawaya da ruwan lemo daga karotinoyid suke, suna cikin ganyen tun farko, koren ne ya rufe su. A ƙasashe masu sanyi, idan kaka ta shigo rana ta gajarta, itatuwa suna janye kulorofil, sai rawayan ya bayyana. Jan launi daban ne: antosayanin ne, wanda ganyen ke ƙerawa sabo a wannan lokacin. Wannan ne ya sa kaka ta zama lokacin tara ganyen ado a can. Farin fure ya fi kowane saurin komawa ruwan ƙasa, jan fure yakan yi duhu, rawaya kuwa yakan riƙe kansa.

Yadda ake yi

Ana tsinko ganye bayan raɓa ta bushe, ba da asuba ba, ba bayan ruwan sama ba. A zaɓi mai lafiya, sirara, marar kauri. Fure mai faɗi, mai falle ɗaya, ya fi ba da haɗin kai. Mai cunkoso irin wardi sai an tsaga shi biyu ko an ɓare fallayensa ɗaya-ɗaya. Tsiro mai ruwa a jiki irin alobera wahala ce kawai.

Abin dannewar kansa katako biyu ne, galibi santimita 30 da 45, da ɗamara ko dogayen kusoshi masu noti a kusurwa huɗu. A tsakani ana jera kwali, takarda mai shan ruwa, jaridar da ganyen ke ciki, wata takardar, sannan wani kwalin, haka har sama. Kwalin ya zama mai ramuka a ciki, kuma ramukan su fuskanci gefe ɗaya don iska ta ratsa. Kwanakin farko ana canja takardun kullum, ana ƙara ɗaure ɗamara saboda kayan suna motsewa. Sirarin ganye yana bushewa cikin mako ɗaya zuwa biyu, mai kauri yakan kai huɗu. Alamar ya yi ita ce ya tsaya ƙyam idan an ɗaga shi, kuma ba a jin sanyi a jikinsa.

Babban littafi ma yana yi, amma laima tana lanƙwasa shafukansa, don haka ba a sa mai daraja. Takarda mai sheƙi ba ta shan ruwa, tishu mai zane kuma yana barin tambarinsa a jikin fure. Mai gaggawa yana iya bi da dutsen guga marar zafi sosai, ba tururi, ta bayan takarda.

Liƙawa da adanawa

Ana liƙa busasshen ganye da ɗan farin gam a kan takarda marar asid. Salatef kuskure ne: yana yin rawaya, ya saki, ya bar tabo. Abokan gaba uku ne, hasken rana, laima da ƙwari. Hoton da aka rataye inda rana ke dukansa zai koɗe ko da yana bayan gilashi. Don kashe ƙwari, ma'ajiyoyi suna sa samfuri cikin firiza, wajen digiri 20 ƙasa da sifili, na kwanaki. A da guba mai sinadarin makuri, wato zaiba, ake shafawa, shi ya sa ake taɓa tsofaffin samfura da safar hannu.

Masana suna rubuta sunan tsiro, wuri, kwanan wata da sunan wanda ya tsinko. Ba ƙaramin amfani wannan ɗan rubutu yake da shi ba. A 2013 masu bincike sun ciro ƙwayoyin gado daga busassun ganyen dankalin turawa na ƙarni na 19, suka gano ainihin nau'in cutar da ta jawo yunwar Ayalan ta shekarun 1840. Mai yin ado ma ba ya asara idan ya rubuta kwanan wata a bayan aikinsa.

Ba ko'ina ake tsinka ba. Gandun daji da lambunan gwamnati galibi sun hana, yarjejeniyar CITES ta 1973 kuma ta taƙaita ƙetare iyaka da tsirran da ke fuskantar ƙarewa, har da busassu. Tsirrai masu farin ruwa kamar madara da yawansu suna ƙona fata da ido.

Hanyoyi makusanta

Wanda yake son ganye ya zauna da laushi, don kambun ƙofa ko adon tebur, yana tsoma reshen cikin gilisarin kashi ɗaya da ruwan ɗumi kashi biyu. Gilisarin ya maye gurbin ruwan jikin ganyen, sai dai launin yakan koma na tagulla. Tsomawa cikin narkakken kakin zuma yana riƙe launi na wasu makonni. Ana kuma dafa ganye mai tauri da sodar wanki, a goge namansa da burushi mai laushi, a bar ragar jijiyoyin kaɗai.

Akwai kuma ɗaukar inuwar ganye. John Herschel ya ƙirƙiro sayanotaif a 1842: takarda da aka shafa wa gishirin ƙarfe, a ɗora ganye, a shanya a rana, a wanke da ruwa. Inda rana ta taɓa ya zama shuɗi, inda ganyen ya rufe ya fito fari. A 1843 Anna Atkins ta fara fitar da kundin ciyayin teku na Birtaniya da wannan hanya, wanda ake ɗauka shi ne littafi na farko da aka ƙawata da hotunan da haske ya buga.