Gazawar Magungunan Taɓin Hankali Mai Tsanani

Taɓin hankali mai tsanani ya ƙunshi cututtuka irin su sikizofireniya, wadda mai ita kan ji muryoyin da babu su ko ya yi ta zargin ana farautarsa, da ciwon da ke jefa mutum tsakanin zumuɗi marar iyaka da baƙin ciki mai zurfi. Maganinsu na zamani ya samo asali a 1952, lokacin da likitoci a birnin Faris suka gwada ƙwayar da aka fi sani da Largactil, sannan halofiridol ya biyo baya daga Beljiyam a 1958.

Waɗannan magunguna suna dakushe aikin sinadarin dofamin a ƙwaƙwalwa, don haka sukan kwantar da sambatu da fizge-fizge, amma ba su cika taɓa mutuwar zuciya da gudun mutane da raunin tunani ba, alhali su ne ke hana majinyaci komawa gona ko kasuwa. Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu sikizofireniya ba sa samun sauƙin kirki da su. Tsofaffin magungunan kan jawo karkarwa da sandarewar jiki da kasa zama wuri ɗaya, wani lokaci har da motsin baki da harshe wanda kan zauna ko bayan an daina sha. Sababbi, musamman olanzafin, sukan kawo ƙiba da ciwon suga. A wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2005, kashi 74 cikin ɗari na majinyata sun bar maganin da aka ɗora su a kai kafin wata 18.

Kulozafin ne ya fi amfani ga wanda sauran suka gagara, sai dai yana iya karya ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta, shi ya sa ba a ba da shi sai da gwajin jini a kai a kai. Litiyam, maganin ciwon zumuɗi da baƙin ciki, shi ma yana buƙatar gwajin jini a kai a kai, kuma yakan zama guba idan jiki ya rasa ruwa, abin lura sosai a zafin bazara da lokacin azumi.

A Bauchi da Gombe, ƙwararrun likitocin fannin sun fi taruwa a manyan asibitocin koyarwa da ke hedikwatar jihohin, kuma a duk Nijeriya ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba. Iyalin da ke ƙauye su ke biyan kuɗin mota da na magani daga aljihunsu. Da zarar kuɗi ya yanke ko aka ga alamar sauƙi, sai a ajiye ƙwaya, ciwo ya dawo, a koma wajen mai ruƙiyya ko gidan mari. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tanadi haƙƙin majinyaci, amma aiwatar da ita a jihohi yana tafiyar hawainiya.