Waiwaye: Fadar Beshtepe da gonar da aka gina ta a kai

Duk lokacin da zaɓe ya gabato a Turkiyya, sai tambayar nan ta dawo: idan mulki ya canja hannu, me za a yi da katafariyar fadar shugaban ƙasa da ke unguwar Beshtepe a Ankara? Gabanin zaɓen 2023, ƙawancen jam'iyyun adawa shida ya yi alkawarin mayar da ofishin shugaban ƙasa tsohuwar fadar Chankaya. Wasu na cewa a mai da sabon ginin jami'a, wasu gidan tarihi, masu zafin rai kuma na cewa a rushe shi. Magoya bayansa na ganin ƙasa mai girman Turkiyya ta cancanci fadar da za ta karɓi baƙi cikin daraja. Da yake ana sa ran zaɓe na gaba a 2028, maganar ba ta mutu ba.

Abin da kowa ya sani gajere ne. An fara aikin a 2012 da nufin ya zama ofishin firaminista. Bayan zaɓen Agustan 2014, wanda a cikinsa jama'a suka fara zaɓen shugaban ƙasa kai tsaye, sai ginin ya zama fadar shugaban ƙasa, aka buɗe shi a watan Oktoban shekarar. Ɗakunansa sun haura 1,000, kuɗin da aka bayyana a lokacin kuwa lira biliyan 1.37 ne, kimanin dala miliyan 615. Ƙungiyar masu zanen gine-gine ta kai ƙara kan filin, aka yi ta fafatawa a kotuna. Daga baya aka ƙara masallaci a 2015 da babban ɗakin karatu a 2020, duka biyun a buɗe ga jama'a.

Sai dai wanda ya fara lissafi daga 2012 ya makara da fiye da shekaru sittin. Filin da fadar ke kai ɓangare ne na gonar da Mustafa Kemal Ataturk, shugaban Jamhuriyar Turkiyya na farko, ya kafa a 1925 a yammacin Ankara. Wuri ne da rabinsa fadama ce mai sauro, rabinsa kuma fako. Aka janye ruwan, aka dasa itatuwa, aka kawo shanu da injinan noma, don a nuna wa manoman Anatoliya, wato ɓangaren Turkiyya da ke nahiyar Asiya, cewa ƙasarsu za ta iya ba da amfani. Har yau mutanen Ankara na sayen madara da kindirmo da zuma masu ɗauke da sunan gonar. A 1937, shekara guda kafin rasuwarsa, Ataturk ya ba da ita kyauta ga baitulmalin ƙasa. Girmanta a lokacin ya haura hekta 5,000.

A watan Maris na 1950 aka yi doka mai lamba 5659, wadda ta kafa hukumar da za ta riƙa gudanar da gonar. A nan ne, a ganina, akalar labarin ta juya, kodayake da wuya ka ji an ambaci wannan shekara a mahawarar yau. Dokar ta ce ba za a sayar da wani yanki na gonar ko a miƙa shi ga wani ba sai da wata doka ta musamman. Niyyar kariya ce, babu shakka. Amma sharaɗin bai ce ba za a taɓa filin ba har abada. Ya dai faɗi hanyar da za a bi idan ana son taɓa shi. Bai kuma tilasta a mayar wa gonar kwatankwacin abin da aka cire ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ƙadangaren nan kuwa shi ne girman birnin kansa. Ankara da ba ta kai mutum 80,000 ba a 1927 ta kusa 300,000 a 1950, yau kuma ta wuce miliyan biyar. Gonar da ke bayan gari ta wayi gari a tsakiyarsa, fili shimfiɗaɗɗe, na gwamnati, babu mai gida da za a biya diyya. Duk wanda ke neman wurin gini idonsa can yake faɗawa. Tun daga shekarun 1950 har zuwa farkon 1980 aka yi ta fitar da dokoki na musamman, ana yankar wa masana'antu da barikokin soja da ƙungiyoyin gina gidaje da hukumomi rabonsu. Hanyoyin mota suka ratsa ta, wasu sassan kuma aka ba da haya na dogon zango. Kowace buƙata, idan ka ɗauke ta ita kaɗai, tana da hujjarta, shi ya sa ba a yi wani babban kuka ba. Aka yi mulkin farar hula, aka yi na soja, aka yi na gamin gambiza, yankan bai tsaya ba. Jimilla, fiye da kashi ɗaya bisa uku na gonar ya fita daga hannunta. Shi kansa wurin da fadar take, ofisoshin hukumar gandun daji ne a kai kafin a fara ginin.

Abin da ya biyo baya ya bi sawun da aka riga aka shata. A shekarun 1990 aka sa gonar cikin wuraren da ke da kariya mafi girma, a 2006 aka canja wanda ke da ikon tsara filinta, a 2011 kuma aka sassauta kariyar yankin da aka yi ginin.

Saboda haka gwamnatin da za ta zo, ko wace ce, kada ta ɗauka kwashe kaya zuwa Chankaya ya warware matsala. Rushewa asarar dukiyar talakawa ce karo na biyu, barin ɗakuna dubu a kulle kuma kuɗin gyara ne kawai zai yi ta zurarewa. Masallacin da ɗakin karatun a bar su ga masu amfani da su. Sauran ginin a tattaro ma'aikatun gwamnati cikinsa, ko shugaban ƙasa ya zauna can ko ya koma Chankaya, sannan filayen gonar da suka rage a hannun hukumomi ba tare da amfani ba a mayar mata. Kafin duk wannan, a gyara sharaɗin nan na 1950: a shata iyakar hekta 3,000 da ɗoriya da suka saura, a rubuta cewa duk hektar da aka cire sai an biya gonar da wata a cikin birnin Ankara.