Kyanwa

Kyanwa, ko mage, ko kuliya, ƙaramar dabba ce mai cin nama wadda ita da kare suka fi kowace dabba zama a gidajen mutane a duniya. Namijinta shi ne muzuru. A kimiyyance sunanta Felis catus, kuma daga kyanwar daji ta Afirka da Gabas ta Tsakiya ta samo asali.

Ɓera ne ya haɗa ta da ɗan Adam. Kimanin shekara 10,000 da suka wuce, da mutanen Gabas ta Tsakiya suka fara noma suna tara hatsi, ɓeraye suka cika rumbuna, kyanwar daji ta biyo su, manoma kuwa ba su kore ta ba. A tsibirin Saifurus da ke tekun Bahar Rum an tono wani kabari mai shekara kusan 9,500, aka tarar an binne mutum da kyanwa kusa da shi. Misirawan dā sun wuce nan: sun danganta ta da gunkinsu Bastet, har suna shafe gawarta da magani su naɗe.

Cikinta kwana 63 zuwa 65 ne, takan haifi 'ya'ya uku zuwa biyar, idanunsu a rufe sai bayan mako guda ko fiye. Babba tana da haƙora 30, tana kuma barcin awa 12 zuwa 16 a rana. In ta laɓe wa ɓera ko ƙadangare, sai ta shafe cikinta da ƙasa, bakin wutsiya kaɗai ke motsi. Shi ya sa ake mata kirari da "mage mai kwanciyar ɗaukar rai".

A ƙasar Hausa ta fi kare samun shiga ɗaki, saboda hadisi ya nuna ba najasa ba ce, kuma wani hadisin ya ba da labarin matar da ta shiga wuta don ta tsare kyanwa ba ci ba sha. Duk da haka ma'aikaciya aka fi ɗaukarta, mai gadin rumbu da shago, ba 'yar lele ba kamar a Turai. Wasu ma na tsoron baƙar mage, camfi ne kawai.

Wurin ciyarwa ake yawan kuskure. Ragowar tuwo ba ya riƙe ta, nama da kifi take buƙata. Albasa da tafarnuwa na lalata mata jini, madara kuma takan sa manyan kyanwoyi zawo. Tana iya kamuwa da ciwon haukan kare, don haka likitocin dabbobi ke ba da shawarar a yi mata rigakafi.