Wai mi ake nufi da tantance modal ɗin finait eliment?

Wani ƙanena da ke karatun injiniya a nan Katsina ya turo mani hoto a WhatsApp, hoton ƙafar tankin ruwa da ya zana a kwamfuta, ga shuɗi ga kore ga ɗan ja-ja can wajen gindi, ya ce yaya ka gani, SolidWorks, manhajar da ya yi zanen da ita, ta ce ƙarfen zai ɗauka. Na ce mashi to ita SolidWorks ɗin wa ya duba ta? Shiru kake ji.

Shi finait eliment dabara ce ta lissafi. Abu mai siffa da yawa kamar gada ko fiffiken jirgi ba ya lisaftuwa a dunƙule, sai kwamfuta ta yayyanka shi gutsi-gutsi, masu kusurwa uku ko huɗu, ta zama kamar raga, shi ne injiniyoyi ke ce ma mesh, ta lissafa kowane gutsure sannan ta harhaɗa. Tun 1956 aka fara amfani da ita gadan-gadan wajen aikin jirage a kamfanin Boeing, sunan kuwa Ray Clough ya raɗa mata a 1960. Yanzu manhajojin injiniya irin su ANSYS da Abaqus duk ita suke yi.

Matsalar ita ce duk abin da ka ba kwamfuta sai ta fiddo maka hoto mai kyau, ko shirme ne. Shi ya sa ake tantance modal, wato siffar abin da ka gina a cikin kwamfuta, kuma tantancewar kala biyu ce, mutane na yawan cakuɗa su. Berifikeshin shi ne a duba ko lissafin ya tafi daidai. Balideshin kuma a duba ko abin da ka lissafa shi ne abin da ke tsaye a ƙasa. Kamar tela ne ya ɗinka maka riga tsaf babu zare ɗaya da ya kauce, amma awon maƙwabcinka ya ɗauka, ka ga ɗinki ya yi, riga dai ba taka ba ce.

A ɓangaren farko abin da na fara sa yaron ya yi mai sauƙi ne. Tankin lita 5,000 ne, ruwan kawai tan 5 ke nan, kusan nuton 49,000 (nuton shi ne ma'aunin ƙarfi), to ya tara nauyin da kwamfuta ta ce ƙafafun huɗu na ɗauka ya ga ko ya yi daidai da wannan har da nauyin tankin da ƙarfen, in bai yi ba to ba sai an ci gaba ba. Sai ma'auni, nan ne yara suka fi faɗawa rami, mutum ya yi zane da milimita ya sa ƙarfin ƙarfe da ma'aunin mita, alhali in da milimita da nuton kake aiki taurin ƙarfe wajen 200,000 zuwa 210,000 ya kamata ka rubuta. Kuma dan Allah a ɗauki biro da takarda a lissafa ƙafa ɗaya da hannu, ba tsohon yayi ba ne.

Sai ita ragar. Ka ƙara mata ƙanƙanta ka sake lissafi, ka ƙara ka sake, har sai amsar ta daina canzawa sosai. In kuma ka ga wani lungu mai kaifi kullum lambar nauyin da ke kan ƙarfen sai hawa take, wurin yana ƙara ja a hoton, duk lokacin da ka rage girman gutsuren, wannan ba ƙarfen ba ne ke shan wahala, lissafin ne ba ya da iyaka a wurin, sai ka zagaye kusurwar kamar yadda take a zahiri. Gutsuren da ya yi siriri zalalo ko ya murɗe shi ma yana ɓata amsa, kuma kar ka raina wannan. Ranar 23 ga Agusta 1991 gindin kankare na dandalin haƙar gas na Sleipner A ya nutse kusa da Stavanger a ƙasar Nowe ana cikin gwaji, da aka bincika sai aka tarar ragar da aka yi a manhajar NASTRAN ba ta da kyau a wani mahaɗin bango, ta sa lissafi ya nuna ƙarfin da ke tsaga wurin ƙasa da na gaskiya da kashi 47 cikin 100, aka yi bangon bai kai ba. Asarar ta kai wajen dala miliyan 700. Manyan injiniyoyi ne fa, ba 'yan aji uku ba.

Ni a wurina balideshin ya fi ciwo a nan gida. A kwamfuta ka ce gindin ƙafar a kafe yake ƙam, a fili kuwa noti huɗu ne cikin kankaren da ba a ba ruwa ba. Ka ce walda ta zagaye, mai walda ya ɗiga ɗigo uku ya shafa fenti. Ka sa rodi mai milimita 12, ka je kasuwa ka auna wani ka ga 11, wannan milimita ɗayan kawai ya cinye kusan kashi 16 cikin 100 na naman ƙarfen. Kwamfuta ba ta san da wannan ba. Maganin shi ne gwaji na gaske, a cika tanki a sa abin awo a ga milimita nawa ƙarfen ya lanƙwasa a gwada da abin da modal ya faɗa. Ƙungiyar injiniyoyin kanikanci ta Amurka, ASME, har jagora ta fitar kan wannan a 2006.

Bayan kwana biyu ƙanen nawa ya dawo, nauyi ya yi daidai, raga ma ta zauna. Na ce iskar farkon damina fa, wadda ke yaye kwanon mutane, ka sa ta lokacin da tankin ke wayam babu ruwa? Ya ce yaya ai ban sa iska ba sam.