Ɓoyayyen bakin tankin mai a tsofaffin motoci

Ɓoyayyen bakin tanki salo ne na ƙera mota da ya yi tashe daga shekarun 1940 zuwa na 1970, musamman a Amurka. Masu zana motoci kan ɓoye wurin zuba fetur a bayan fitilar baya, ko bayan lambar mota, ko ƙarƙashin wani ƙarfen ado, ta yadda wanda bai san motar ba zai zagaya ta bai ga inda ake sa mata mai ba. Babban dalili shi ne kwalliya: ba sa son murfi ya yi tsuru a jikin motar da suka sha wahalar gyara mata fasali.

Kamfanin Cadillac ne ya fi suna a wannan fanni. Tun 1941 ya sa bakin tanki a ƙarƙashin fitilar baya ta hagu. A 1948, lokacin da sashen zane na General Motors, uwar kamfanin Cadillac, ƙarƙashin Harley Earl ya fito da ƙananan fikafikai a bayan mota, waɗanda aka kwaikwayo daga jirgin yaƙi P-38, sai fiffiken hagu ya zama maɓoyar. Akwai ɗan maɓalli ja mai ƙyalli a ƙasan fitilar. Idan aka danna shi, fitilar ta ɗago sama, murfin ya bayyana.

Chevrolet ta 1956 ta fi wannan wayo. A saman fitilarta ta hagu akwai wani siririn ƙarfe a tsaye wanda kowa zai ɗauka ado ne. Murɗa shi ake yi da yatsu, sai fitilar gaba ɗayanta ta kwanto baya, har da wayoyinta. A 1957 aka mayar da wurin bayan wani ƙarfen ado a fiffiken hagu, wanda ke buɗewa gefe. Continental Mark II ta 1956 ita ma a bayan fitilar hagu ta ɓoye nata. Aikin hannu ne mai kyau ƙwarai, amma haɗa fetur da wayar lantarki wuri guda ba abin yabo ba ne.

Salon da ya fi yaɗuwa, ya kuma fi daɗewa, shi ne na bayan lamba. Ford ta ɗauke shi a 1952, daga baya ya cika motocin Amurka na shekarun 1960 da 1970, har Chevrolet Caprice ta 1996 ta riƙe shi. Shi kam yana da amfani na zahiri, domin tunda bakin yana tsakiya, direba na iya tsayawa ta kowane gefen famfo. Ana jawo lambar ƙasa, sifirin ɗin da ke riƙe da ita kuma na ƙoƙarin mayar da ita, shi ya sa masu irin motar suka saba tokare ta da murfin tankin kansa.

Faransa ma ta taɓa. Peugeot 403, wadda ta fito a 1955, a ƙarƙashin fitilar baya ta hagu take shan mai, 404 kuwa a bayan lamba. An ga wannan salo a ƙasar Hausa ma, domin 404 ta yi zamani a titunan Najeriya da Nijar, kuma an harhaɗa ta a Kaduna daga 1975. Volkswagen Beetle tata hanyar daban ce: kafin ƙirar 1968 sai an ɗaga murfin gaba ake isa ga tankin.

Abin da ya kawar da salon shi ne batun tsaro. Idan aka daki mota ta baya, fitila da lamba ne ke fara karɓar dukan, bututun mai na iya tsinkewa, fetur ya malala kusa da tartsatsi. Dokar Amurka kan ƙarfin tankin mai ta fara aiki a 1968, kuma a shekarun 1970 aka faɗaɗa ta ta haɗa da karo ta baya. Sannu a hankali kamfanoni suka matsar da tanki gaban ƙafafun baya, bakinsa ya koma gefe.

A yau wahalar ta koma kan mai zuba mai. A da ma'aikatan gidajen mai sun haddace maɓoyar kowace mota. Na yanzu bai taɓa ganin irinta ba, don haka ya fi kyau mai motar ya sauko ya buɗe da hannunsa. Ƙarfen waɗannan fitilu saurin karyewa gare shi, ga shekaru sun ja, samun madadinsa kuma aiki ne. Ba a fizga, ba a sa ƙarfi. In ya cije, ɗan man shafawa ake ɗiga masa.

Zubawar ma sai da haƙuri. Bututun da ke bayan lamba kusan a kwance yake, yana kuma ƙasa sosai, sai an durƙusa. Famfon zamani yana turo mai da ƙarfi, iskar cikin tanki ba ta samun hanyar fita da wuri, sai famfon ya riƙa katsewa ko man ya yi amai ya ɓata fenti. Maganinsa shi ne a sassauta hannu, a ɗan juya kan famfon har a sami kwanar da man ke wucewa, a riƙe shi ba a saki ba, a kuma ajiye tsumma kusa. Da zarar ya katse da kansa bayan tanki ya kusa cika, kada a ƙara. A motar da bakinta ke ƙasa, cikakken tanki da murfi mai mataccen roba na nufin fetur zai riƙa zuba a titi duk sanda aka taka totur ko aka hau tudu.

Murfin kansa ba a musanya shi da kowane iri. Yawancin motocin da aka ƙera kafin 1970 ta wata 'yar huda a murfi ko a bututu tankinsu ke shaƙar iska. Idan aka sa murfin da ke toshe iska gaba ɗaya a motar da ta dogara da hudar murfi, mai zai daina isa ga inji, motar ta mutu a hanya, wani lokaci ma tankin ya lotse ciki.