Tafasarmu Ba Cassia tora Ba Ce

Ɗalibai da dama, in za su rubuta sunan tafasa na kimiyya a kundin bincikensu, sai su sa Cassia tora, don haka suka tarar a tsofaffin littattafai. Amma tafasar da ke cika bakin hanya da damina, wadda iyayenmu mata ke kwaɗantawa da ƙuli-ƙuli, Senna obtusifolia ce. Asalinta ma daga yankunan zafi na nahiyar Amurka ta fito, ta bazu har muka ɗauka 'yar gida ce.

Rikicin ya daɗe. Masanin tsirrai Linnaeus ya ba shukokin biyu suna daban-daban tun 1753, daga baya wasu masana suka haɗe su wuri guda, sai a 1958 wani masani mai suna Brenan ya sake raba su. A 1982 kuma masana Irwin da Barneby suka mayar da tamu daga rukunin Cassia zuwa rukunin Senna.

Ba laifin kowa ba ne, domin kamar tagwaye suke: ganye bibbiyu sahu uku, fure rawaya, kwanso siriri mai lanƙwasa. Sai ka tsinko ganyen ka duba da kyau. A tamu, galibi ɗan tsiro ɗaya ne tsakanin ganyaye biyu na ƙasa, ita kuwa tora, wadda ta fi yawa a Indiya, tana da shi a sahu biyu. Sandar furen tamu ta fi tsawo.

Abin yana damuna ne saboda sakamakon gwajin da aka yi a kan tafasar Kano ko Maraɗi yakan tafi da sunan wata shukar daban.